Sarkin da Ya Yi Taimama a Bakin Kogi

Ke Tasalla! Ke! An yi! Wallahi yau dai an yi! Baffa Ilu ya miƙa hannu an tsira masa allurar rigakafi! Baffa Ilu fa, wanda ya rantse a teburin mai shayi cewa sai dai a yi wa gawarsa. Ajiye tsintsiyar nan ki matso. Ba likita ne ya shawo kansa ba, Kaka Yalwa ce. Jiya yana ta zuba, wai wanda aka yi wa, cokali zai manne masa a damtse. Kaka na tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ilu, ara min kunnenka." Sai ta kawo masa hikaya. Na haddace ta tsaf, tsaya ki ji.

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa ta bakin kogi, wanda in ya yi gyaran murya kasuwa kan yi tsit. Ba ya tsoron mashi, ba ya tsoron zaki. Abu ɗaya tak yake tsoro a duniya: aska. Ko gemu za a gyara masa, sai ya runtse ido yana salati. Ba wanda ya san haka sai Wazirinsa.

Wata shekara agana ta sauka a ƙasar, cutar nan mai feso ƙuraje, tana kwasar mutane kamar kaji. Masana magani suka zo da dabara: a ɗan tsaga fatar hannu da aska, ƙasa da gwiwar hannu, a shafa magani. In wurin ya warke sai ya bar tabo, shi ake ce wa lamba. Mai lamba kuwa agana ba ta kayar da shi.

Sarki ya kafa doka. A rufe kasuwa, a daina biki, a daina haɗa hannu wajen gaisuwa, a ajiye randa a kowace ƙofar gari kowa ya wanke hannu. An hana taro. Don kuwa kowa ya ji an hana taro, sai aka tara gari kaf a ƙofar fada, kafaɗa da kafaɗa, sanƙira ya yi shela: "Sarki ya gaishe ku! Lamba dole ce! Ba zafi, ba kumburi, ba masassara, cizon sauro ma ya fi ta! Wanda ya ce akwai zafi, bulala!"

Da aka watse, Sarkin Aska ya shigo ya durƙusa, ya fara wasa askarsa, don da sarki za a fara. Sarki ya ji ƙarar nan, ya runtse ido ya soma salati. Waziri ya duƙo ya raɗa masa: "Allah ya ja zamaninka, talaka tabo yake son gani, ba jini ba. Tabo kuwa ai zane ne."

Aka sallami Sarkin Aska wai sai gobe. Waziri ya ɗauko tawada da alƙalami ya zana wa sarki lamba, kyakkyawa, har ta fi ta gaske kyau. Ya zana wa kansa. Fadawa suka gani, kin san bafade, in sarki ya yi tuntuɓe shi ma sai ya nemi dutse. Kafin mako ya zagayo tawada ta yi wuya a garin, malaman allo suna ta mamakin wane irin karatu aka tsiro da shi a fada.

Sai sarki ya fita rangadi, shi da fadawa, kowa ya naɗe hannun riga don talakawa su gani su yi koyi. Suka iso ƙofar gari, ga randa, ga moɗa. Sarki ya tuna tawada, ya ɗauke kai ya wuce. Fadawa suka bi shi, hannuwa a sama kamar masu ɗauke da tuwo mai zafi. Can gaba aka soma yayyafi, ɗan yayyafin da ko kaza ba za ta gudar wa ba. Manyan gari suka watse kamar awaki, kowa ya cusa hannu a hammata. La'asar kuma ta riske su a bakin kogi. Ga ruwa maƙil yana gudu, sai ga sarki ya buga tafi a ƙasa yana taimama, Waziri na yi, fadawa na yi, masunta sun saki baki suna kallo.

Kafin sarki ya koma gida magana ta riga shi. Da farko aka ce mai lamba ba ya son ruwa. Da ta kai unguwar marina, ta zama in ruwa ya taɓa shi narkewa yake kamar gishiri. Da ta kai ƙauye, har an sami wanda ya rantse cewa ƙanin surukin maƙwabcinsa ya narke a ruwan sama, hula da takalmi kawai aka tsinta. Masunta suka ce su da ruwa suke ci. Mata suka ce wa zai yi wanke-wanke? In an hango wanzami, magidanci da gemunsa sai ya faɗa rumbu ya ja murfi. Agana kuwa ba ta san da doka ba, ba ta san da jita-jita ba. Masu haƙa kabari ne kaɗai ba a rufe wa kasuwa ba.

Labari ya kai fada. Sarki ya fusata, ya miƙe a gaban jama'a ya rantse: "Duk wanda ya haifi wannan ƙarya, ko ɗan wane ne, sai aska ta hau kansa, a ɗora shi a kan jaki fuska na kallon wutsiya, a zaga gari da shi!"

Waziri ya bazama neman mai laifi. Ya ji labarin wani dattijo, Malam Jatau, mai bukka a bakin kogi, wanda mutane ke zuwa wurinsa neman shawara. Shi yana cikin na farkon da aka yi wa lamba, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ta yi masa zafi. Dogarai suka taso ƙeyarsa har gaban sarki.

Sarki ya ce, "Kai ne ka ce lamba da zafi?"

Ya ce, "Ya sarki, hannuna ne ya ce, ni tafinta na yi masa. Ya kumbura kamar kabewa, na kwana ina rawar ɗari, na tashi bakina ɗaci. Daga baya ya saɓe. Agana ta shiga unguwarmu gida-gida, ta leƙo bukkata ta wuce."

"To me ya hana ka faɗi alherin ka ɓoye zafin?"

"Ya sarki, wanda ka ce masa barkono ba yaji, in ya tauna, ko zuma ka miƙo masa gobe sai ya shinshina."

Waziri ya daka tsawa: "Tsoho, ba wa'azi aka kira ka ba! Kai ka ce mai lamba narkewa yake?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma na san uwar maganar, na san ubanta."

Sarki ya gyara zama. "Wace ce uwarta?"

"Tsoro, ya sarki."

"Ubanta fa?"

"Babban mutum ne a garin nan. Bai taɓa furta ta da baki ba, da hannu ya haife ta."

"Yana da lamba?"

"Yana da ita in rana ta fito, ba ya da ita in hadari ya taso."

"A ina za a same shi?"

"Ya sarki, in ka hau doki neman sa, ba za ka riske shi ba, ba kuma zai tsere maka ba. Amma a kawo daro da ruwa, ruwa ya san shi. Kowa ya tsoma hannu har gwiwa. Ni zan fara, tunda ni ake tuhuma."

Waziri ya yi wuf ya ce ai ruwa a fada ba al'ada ba ce. Amma an riga an cika ƙofar fada, masunta da marina har kan katanga, dokar hana taro ta bi iska. Aka kawo daro. Malam Jatau ya naɗe riga ya tsoma hannu, ya cuɗa tabon nan, ya ɗaga. Tabo na nan, tsoho na nan, bai narke ba. Jama'a suka ce, "Af!"

Ya tura daron gaban Waziri. Waziri ya ce yana mura. Galadima ya ce shi ɗazu ya yi wanka. Wani bafade ya tuna ya bar akuya a sake. Daro ya yi ta tafiya, ba mai taɓa shi, har ya zo ya tsaya a gaban sarki.

Sarki ya leƙa ruwan, ya ga fuskarsa a ciki. Nan ya tuna randar ƙofar gari, ya tuna yayyafi, ya tuna masuntan da suka saki baki. Zai iya cewa a ɗauke daro a ɗaure tsoho, ba mai cewa uffan. Amma daga bayan katanga yana jiyo salatin masu wucewa da makara. Ya naɗe hannun riga da kansa, ya tsoma.

Ruwa ya yi baƙi ƙirin.

Sarki ya ɗago hannu fes, ba tabo ba alamarsa. Ya ce, "Ga uban ƙaryar. Na rantse kuma a gabanku. A kira Sarkin Aska, a kawo jaki."

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, gashin kanka ba zai tsare kowa daga agana ba. In aska za ta hau, ta fara hawa hannun."

Sarki ya ce, "Za ta hau duka biyun." Ya tuɓe rawani aka yi masa ƙwal. Da aka zo kan hannu kuwa, aska na taɓa fata, sarkin nan da ba ya tsoron zaki ya kurma ihu, "Wayyo Inna!" har tantabarun fada suka tashi. Wani masunci a kan katanga ya ce, "To, wannan dai ba tawada ba ce." Aka bi Waziri da fadawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin kukansa.

Da hannun ya kumbura, sarki ya hau jaki fuska na kallon wutsiya, aka zaga gari. Kowace ƙofa ya sauka ya wanke hannu a randa, sanƙira na gaba da sabuwar shela: "Sarki ya gaishe ku! Da zafi! Da kumburi! Da masassara! Amma ba a narkewa!" Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki, suna dariyar suna fitowa daga rumbu suna miƙa wa wanzamai hannu.

Sarki ya tsaya a bukkar Malam Jatau ya ce, "Malam, na yi doka, na yi bulala, ba su ji ba. Na hau jaki sun ji. Mene ne sirrin?"

Ya ce, "Ya sarki, adalci kamar alwala yake: da hannunka ake farawa."

Nan Kaka ta tsaya. Baffa Ilu ya yi tsalle ya ce, "Yawwa! Kin ji ko, Inna? Manya ƙarya suke, ba a yi musu!" Kaka ta ture faifan shinkafa, ta ja hannun rigarta ta nuna masa tsohuwar lambarta ta yarinta, ta nuna damtsen da aka yi mata ta bana. Ta ce, "Kawo ruwa ka cuɗa. Ni na haife ka, Ilu. Ba cokali kake tsoro ba, allurar kake tsoro, tun ranar da ka ciji malamin asibiti. Yaran da ke zama teburin shayin nan kuwa hannunka suke kallo."

Ke Tasalla! Yau da safe Baffa Ilu ya ce in raka shi asibitin unguwa wai zai duba wani abokinsa. Ina tsaye a bakin taga na ji "Wayyo Inna!" da kunnena, wallahi irin na sarkin sak! Yanzu yana ɗaki ya lulluɓa da bargo, Kaka na dama masa kunu tana ce masa Allah ya ja zamaninka.

Amma don Allah, don darajar iyayenki, kar ki faɗa wa kowa tukuna, ko Yaya Hajjo. Ya ce shi zai je teburin mai shayi ya naɗe riga ya nuna musu da kansa, da zarar hannun ya ɗagu. In suka riga ji a bakin wani, ni ce a kan jakin.