Sunaye Biyar a Takardar Huraira

Akwai wata malamar firamare a wani ƙauye gefen Dogon Dawa, a ƙasar Birnin Gwari, sunanta Rosaline. Mace ce gajera mai taurin kai na gaske.

Da tsoron 'yan bindiga ya hana matan rugage zuwa ajin yaƙi da jahilci da take yi da yamma, sai ta ce ita kam ba ta rufe aji ba. Ta buɗe zaure a WhatsApp, tana tura darasi da murya, mata na yin aiki su turo mata.

Cikin ɗalibanta akwai Huraira, Bafulatana mai tallan nono, ta haura shekara arba'in. A rugarsu babu sabis, sai ta hau wani dutse da ke kallon ƙauyen kafin saƙo ya tafi.

Wata Talata, Gabriel ɗan acaba ya hango ta a kan dutsen. Tana duba takarda, tana magana a waya, tana kallon gari. Shi ne shugaban zauren tsaro na ƙauyen a WhatsApp, mai mutum fiye da ɗari biyu. Ya ɗauke ta bidiyo, ya tare ta a ƙasa, ya fizge takardar.

Sunaye biyar ne a ciki, duk mutanen ƙauyen. Na farko nasa ne.

Jama'a, ko tambaya ɗaya bai yi mata ba! Ya saka hoton takardar da bidiyon a zauren tsaron, ya rubuta: "Ga infoma nan. Ga sunayen waɗanda za a sace."

Kafin azahar abin ya kai Birnin Gwari, ya kai Kaduna. Wasu na cewa a kore ta, wasu na cewa a ƙone rugar. Kun dai san abin da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ke jawo wa mutum a yankin nan. Ba kowa ake bari ya yi bayani ba.

Rosaline na ganin takardar ta gane rubutun. Ta rubuta a zauren: "Ƙarya ne. Aikin gida ne, ni na ba ta." Aka yi mata ca. Wani ya ce nawa aka ba ta. Gabriel ya cire ta daga zauren.

Mijinta Tomas ya ce, "Maman Praise, don Allah ki yi shiru. Mu ma baƙi ne a garin nan."

Ta ce, "Baban Praise, ni na sa ta rubuta. In na yi shiru aka taɓa ta, da hannuna a ciki. Sun cire ni daga waya, to su zo su cire ni daga kasuwa."

Washegari ranar kasuwa ce. Huraira ma ta ƙi ɓuya. Ta ɗauko ƙwaryarta ta zo inda ta saba zama, ta ce ba ta saci komai ba balle ta gudu. Nan da nan samari suka kewaye ta da sanduna, Gabriel na gaba.

Sai ga Rosaline ta ratso su. Ta karɓi lasifikar mai tallan magani ba tare da ta roƙa ba, ta kara wayarta. Muryarta ta fito, saƙon da ta tura tun ran Asabar: "Aikin wannan mako, kowace ta rubuta sunan mutum biyar da suka taɓa yi mata alheri, ta karanta mini, ta faɗi dalili."

Wani ya ce, "Haɗawa aka yi!"

"To ku ji wanda ta turo daga kan dutsen," in ji Rosaline, "lokacin da jaruminku ke ɗaukarta bidiyo."

Muryar Huraira ta cika kasuwa, tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, iska na kaɗa wayar.

"Ga... bi... ri... yel. Malama, wannan shi ne na ɗaya. Shekarar da naƙuda ta kama ni a hanya, ana ruwa, babura uku suka wuce ni. Shi ya tsaya, ya kai ni asibiti. Da ba don shi ba, da ni da 'yata Muslimat ba ma nan. Ƙila ya manta, ni ban manta ba."

Sanduna suka fara sauka.

Gabriel ya ciro takardar daga aljihu. Ya durƙusa gaban Huraira ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ki goge sunana, ban cancanta ba."

Huraira ta karɓi takardarta, ta shimfiɗa ta a gwiwa, ta goge ƙurar da gefen zani.

Ta ce, "Kwana uku na yi ina koyon rubuta sunan nan. Jiya ka ƙwace mini, yau kuma ka ce in goge? Ba mai sa ni in goge. Kai dai je ka gaya wa mutanen wayarka abin da ka ji, kamar yadda ka gaya musu wancan."

Ya tura saƙon gyara a take. Mutum tara suka yaɗa shi. Na farkon kuwa har yau yana yawo a wayoyin mutanen da ba su taɓa ganin Huraira ba.

Ran Talatar da ta biyo baya, Huraira ta sake hawa dutsen da takarda a hannu.

Darasi: Kafin yatsanka ya danna tura, tambayi mai abin. Tsoro gaskiya ne, amma ba hujja ba ne, kuma ƙaryar da ka saki ba ta dawowa ko ka yi kuka. In an taru a kan marar laifi, kada ka yi shiru don kana kai kaɗai. Ku tura wannan zuwa zaurukanku, musamman ga masu saurin yatsa.