Ciwon da Ɗan Majalisa Ya Rubuta wa Uwarsa

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. Mai waige-waige yana neman wanda nake nufi ya daina wahalar da wuyansa, ba zan faɗi suna ba.

An yi wani mutum a ƙauyukanmu na bakin kogin Cinab, ɗan manomi, mai daɗin baki. Mu da hannunmu muka zaɓe shi ɗan majalisa. Ranar da ya ci, a bayan tarakta aka zaga gari da shi, an jibga masa furanni a wuya har ba a ganin kunnuwansa. Daga ranar ba mai kiran sunansa kuma, sai laƙabin manya, Caudari Sahib.

Yana da uwa, Fazlan Bibi. Tsohuwa ce, amma irin tsofaffin nan masu ba matasa kunya. Ita ke tatsar ɓaunarta ta kiwo, ita ke kaɗa nono, ita ke ɗauko ciyawa a ka daga gona. Ya yi ya yi ta koma birni, ta ce ba za ta zauna a gidan da ba a jin kukan ɓauna ba.

To, kun san majalisa tana biya wa ɗan majalisa kuɗin magani, shi da iyalinsa da iyayensa. Da kyakkyawar niyya aka yi dokar. Mutumin nan ya zauna ya dubi wannan doka, ya dubi lafiyar uwarsa, sai ya ga kamar asara yake yi. Ya nemo wani likita mara tsoron Allah, suka rubuta cewa Fazlan Bibi tana fama da ciwon ƙoda, kullum tana hanyar asibiti ana yi mata wankin ƙoda. Majalisa ta biya. Ya sake kaiwa, ta sake biya. Abin ya zame masa gona wadda ba shuka ba noma, sai girbi.

Mu a nan ba mu san da wannan ba, amma idanunmu ba a rufe suke ba. Mun ga gidan bene ya tashi. Mun ga mota ta canja, ta sake canjawa. A rumfar Karam Din wanzami, inda duk maganar gari ke sauka, aka fara tambaya ƙasa-ƙasa: wai albashin nan nawa ne? Gado ya ci? Wane gadon, ubansa da ya rasu ya bar garma ɗaya? Kowa na zargi, ba wanda ya kama zaren.

A birni kuwa sai ka tausaya masa. Idan ya ƙi zuwa zaman majalisa sai ya ce ya kai Ammi, wato uwarsa, asibiti. Ya iya sauke ajiyar zuciya, ya iya goge ido da gefen rawani. Har akwai ranar da majalisa gaba ɗaya ta miƙe tsaye, aka ɗaga hannu aka roƙa wa Fazlan Bibi sauƙi, shi kuma yana cewa amin. Ya 'yan uwa, ku duba fa. Mutum ya tsaya gaban Allah yana amin a kan ƙaryar da shi ya ƙirƙira. Wa yake zaton yana yaudara?

Akwai wani ɗan majalisa na jam'iyyar adawa, ana ce masa Rana Sahib. Shi ma idonsa a buɗe yake, domin ya san hanyar. Wata safiya ya sayi kwandon lemo, ya ɗebo masu ɗaukar hoto na talabijin, ya ce zai je duba mara lafiya. Wa zai hana Musulmi duba mara lafiya? Suka shigo gidan, suka tarar da tsohuwa a tsugune gindin ɓauna, bokiti tsakanin ƙafafunta.

Rana Sahib ya rusuna ya ce, "Sannu Ammi. Ya jikin?"

Ta ce, "Jikin wa? Ɓaunar? Ai ta warware, ɗanyar ciyawa ce ta kumbura mata ciki."

Ya ce, "A'a, naki jikin. Ƙodar. An ce kullum kina asibiti."

Ta yi dariya har nono ya fantsama. Ta ce, "Ni? Ɗan nan, rabona da allura tun haihuwar abokin naka. Zauna in ba ka nono ka sha, kai ne ma ka fi kama da mai jinya."

Ta shimfiɗa musu gadon igiya, ta cika musu kofuna, ta yi ta sa musu albarka don sun tuna da ita. Ba ta san da bakinta ta rushe ɗanta ba. Kafin la'asar ƙasa duk ta ga wannan dariya.

Aka kafa kwamitin bincike. Da aka fara tono kuwa, sai wari ya tashi ta kowane ɓangare. Wani ya karɓi kuɗin tafiyar da bai yi ba. Wani yana karɓar kuɗin haya alhali a gidan surukinsa yake kwana. Shi kansa Rana Sahib mai kwandon lemo, aka samu yana karɓar kuɗin maganin ubansa da ya daɗe a kabari. Majalisa ta koma fagen tonon silili, ka tona ni in tona ka. Aikin jama'a ya tsaya cik. A cikin abin da ya tsaya har da ƙudurin gina ma'ajiyar jini a asibitin gundumarmu, wanda muka daɗe muna roƙo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutuminmu aka tsige shi, aka rufe asusunsa, aka ƙwace motocin. Abokan cin kaza suka watse. Ya dawo ƙauye yana bin bayan gidaje.

Amma wadda ta fi shan wuya ita ce tsohuwar. Ta je tanderu gasa gurasa, mata suka tare ta da "Sannu da jiki, Fazlan, yau ba wanki?" Wasu suka ce ai da saninta, uwa ba ta rasa sanin abin da ɗanta ke ci. Matar da ba ta taɓa cin ƙwayar hatsin wani ba, ita ake nunawa da baki. Ta daina fita. Ta daina cin abinci. Ta sayar da ɓaunar. Baƙin ciki ya ci cikinta, har wata ranar kasuwa da hantsi ta faɗi tana aman jini.

Aka kai ta asibitin gunduma. Likita ya ce jini take buƙata yanzu-yanzu, ga shi ba ma'ajiya, sai dangi su kawo masu bayarwa. Aka gwada na ɗan, bai dace da nata ba. Ya rugo masallacin nan ba takalmi, ya kama hannuna ya ce, "Malam, don Allah a yi shela, Ammi za ta mutu."

Ni da bakina na yi shelar a lasifika. Na ce Fazlan Bibi tana asibiti, ana neman jini, mai iko ya taimaka don Allah. Na maimaita, na sake maimaitawa.

Kun san abin da aka ce a rumfar wanzami? Wani ya ce, "Af, ƙodar ce ta tashi kuma?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Kuɗi sun ƙare, yanzu jininmu zai kai kasuwa." Wani ya ce, "Shi kuma liman nawa aka ba shi?" Har ni zargin ya shafa. Garin nan da idan aka yi shelar ɓatan akuya kowa ke fitowa, aka yi shelar ran mutum ba wanda ya motsa.

Karam Din ne kawai zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ce shi dai sai ya gani da idonsa. Ya ajiye aska ya hau keke ya tafi. Ya dawo yana ihu tun daga bakin gari: "Wallahi gaskiya ne! Ku fito, gaskiya ne!" Nan da nan maza suka cika bayan tarakta, har da masu dariyar. Amma tsakanin zuwansa da dawowarsa da tafiyarsu, lokaci ya riga ya tafi.

Kun san al'adarmu. Idan uwa za ta bar duniya, ɗa yakan durƙusa ya roƙe ta ta yafe masa nonon da ya sha. Ba ɗan da ke son uwarsa ta tafi ba ta furta wannan kalma ba. Mutumin nan ya kama ƙafafunta yana kuka, ya ce, "Ammi, ki yafe mini nononki."

Ta buɗe ido ta dube shi. Ta ce, "Wace uwar kake roƙo? Je ka wurin waccan mai ciwon ƙodar, wadda ta ciyar da kai shekarun nan. Ita ta yafe maka."

Ta juya fuskarta bango. Lokacin da taraktar ta tsaya a ƙofar asibiti, an riga an rufe ta da mayafi.

Yana nan da rai. Kun sha ganinsa a bakin maƙabarta, gemu ya cukurkuɗe, yana tare masu wucewa yana tambayarsu ko sun ji ta ce ta yafe. Ba wanda ya ji.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan ya sata? Za ku ce kuɗin magani. Ni ina ce muku abin da ya sata ya fi kuɗi. Yarda ya sace. Kuɗi ana iya mayarwa baitulmali, amma wa zai mayar wa gari da yardarsa? Da zaɓe ya zagayo, rumfunan zaɓe suka zama kufai, kowa na cewa dukansu ɗaya ne. Mutumin kirki ya fito takara aka ce shi ma yunwa ce ta koro shi. Kujerar ta faɗa hannun wanda ya raba buhunan garin alkama, kuma har yau asibitinmu ba ma'ajiyar jini. Na ji samari suna cewa gara a rufe majalisar kowa ya huta. To idan an rufe, wa zai tsaya ya yi magana da bakinku? Wanda zai zo bayanta ku zai tambaya kafin ya ci?

Kai mai riƙe da amanar jama'a, ko ta majalisa ce ko ta asusun masallaci, ka sani ƙaryar da ka rubuta a ofis tana san hanyar gidanku. Ku kuma da kuke jin daɗin wannan labari, ku tuna akwai waɗanda suka ji shela suka yi dariya. Zargi ya halatta a kan mai mulki, ku bincike shi, ku tsare shi da tambaya tun yana kan kujera. Amma ranar da kuka ji an ce rai na neman taimako, ku tashi tukuna, bincike ya biyo baya.

Allah ya jiƙan Fazlan Bibi. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kunyar iyayensu. Allah ya sa iyayenmu su bar duniya suna masu yafe mana, ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da ranar da za mu faɗi gaskiya a rasa mai yarda. Allah ya kiyaye mu.