Jan Ƙyallen Bindigar Baba Iddi

A Asawase, cikin Zangon Kumasi, a shekarun da Turawa ke shirin tafiya, an yi wani tela mai suna Sanni. Hannunsa na da kyau a ɗinki, har daga Adum, tsakiyar birni, ake kawo masa yadi, kuma da yatsun nan yake ciyar da gidansa. Amma Sanni ba ya jin maganar kowa, balle ta fito daga bakin mace. Wadda ya fi tsana kuwa yayarsa ce Hamamatu, don ita ta yi jinyar mahaifinsu, shi ko leƙe sai an matsa masa, kuma duk unguwa ta sani.

Mahaifin, Baba Iddi, ya ƙare rayuwarsa yana rako shanu daga Arewa, da wata tsohuwar bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. 'Yan rakiya suna da al'ada: in akwai ɗuri a cikin bindiga, sai a ɗaura mata jan ƙyalle a kunama, don kada wani ya ƙara wani a kai. Sanni bai taɓa zama ya saurari tsohon ba, to ina zai san wannan?

Da Baba Iddi ya rasu, abokansa suka ce ranar sadakar arba'in za a harba bindigarsa sau ɗaya, a yi masa ban kwana. Sanni ya ji wai mijin Hamamatu ne zai harba. Ya faɗa gidan Hamamatu ko sallama babu, ya fizgo bindigar daga bango.

"Hamamatu, ni ne ɗa namiji. Mijinki ya je ya nemi ta ubansa."

"Yau kuma sunana ka kira? Babu Yaya?" ta ce. "Ɗauka, ba na so kwata-kwata. Amma ƙyallen nan, kar ka taɓa shi. Akwai ɗuri ciki."

"Ƙarya kike! Bindigar da ta shekara a rataye?"

"Zura sanda ka gani. In ya tsaya bai kai gindi ba, ka san gaskiyata."

Abin da ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba ke nan. Amma maƙwabta sun taru a ƙofa suna kallo, kuma a wurin Sanni gara komai da a ce ya bi umarnin Hamamatu. Ya tsinke ƙyallen, ya jefa mata a ƙafa.

"Riƙe tsummanki, munafuka."

Ranar arba'in ya zo da babbar riga ɗinkin kansa, ya zuba albarushi a gaban jama'a, har ya ƙara, wai yana so a ji ƙarar har can unguwar Buokrom. Abin takaicin shi ne, tsofaffin 'yan rakiya suna zaune suna kallonsa. Sun duba kunama ba su ga ƙyalle ba, sai suka ɗauka bindigar fanko ce. Da hannunsa ya rufe bakin duk wanda zai iya tsayar da shi.

Hamamatu ta yi ihu daga cikin mata. Ya harare ta, ya ja kunama.

Bindigar ta tsage daidai inda hannunsa na hagu ke riƙe. Da hayaƙi ya lafa, sai ga Sanni a ƙasa, rigar ta rine da jini, babu yatsu sai babban. Hamamatu ce ta fara isa. Ta kwance jan ƙyallen nan da ta tsince ta ƙulle a bakin zaninta, ta ɗaure masa wuyan hannu da ƙarfi, hawaye na zuba, amma muryarta ba taushi.

"Baba ya ɗaura shi don hannunka, ka yar. To ga shi ya dawo."

Sanni ya rayu, amma bai sake riƙe yadi a ƙarƙashin allura ba. Bai kuma taɓa ce mata ta gafarta masa ba.

Darasin a fili yake. Bindigar gado ba kayan ado ba ce: kada ka ɗura mata, kada ka harba, sai ka tambayi wanda ya zauna da mai ita, sannan gwani ya duba cikinta. Kuma in an gargaɗe ka, duba maganar, ka bar duban bakin da ya faɗe ta. Ƙiyayya ba za ta biya ka yatsunka ba.