Tambai da Sunan Ɗan Farinta

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce wai ita Tambai, a wani gari na bakin kogi. Ɗanta ɗaya tak, Jatau, shi ne na fari, shi ne auta. Kun san kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi. In ya yi abin kirki sai ta kau da kai, mutane su ce, "Tambai akwai kunya!"

Da ya girma, ran nan sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, zan bi fatake. In kin ce in zauna, na zauna."

Dangin ubansa na tsakar gida. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina ruwana?"

Sai ya ɗauki sandarsa ya fita.

Sai ta sa mayafi ta bi shi har mashigi. Ta tarar ya shiga kwalekwale, ya ba gari baya. Ta ce, "Kai!" Maza goma suka waiwayo, ban da shi.

Aka tura jirgi. Ta ce, "Yaron nan!" Masu kamun kifi suka ɗago kai, ban da shi.

Jirgi ya kai tsakiyar ruwa. Ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshenta. Sai ta ga mata masu wanki sun zuba mata ido. Sai ta haɗiye shi.

Damina ta zo ta wuce, har sau tara. Fatake suka ce ya yi gida can kudu, ya ce ba mai kewarsa a nan. Tambai ta ci tuwo ita kaɗai, ta share tsakar gida ita kaɗai. Masu yabon nata ba wanda ya leƙo.

Wata safiya ta dogara sanda ta je mashigi. Ta ɗaga murya: "Jatau! Jatau, ɗana!"

Tsohon mai fito ya ce, "Baiwar Allah, wa kike kira? Ba kowa a ƙetaren."

Ta ce, "Na sani, Malam. So nake in ji yadda yake a bakina."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku riƙe kunya, yara, amma ran da naku zai tafi, ku kira shi ya ji.