Motar Sitaleki a Ƙarƙashin Tamfol

Akwai wata dattijuwa a ƙauyen Lapaha na ƙasar Tonga, sunanta Melenaite. Ɗa guda Allah Ya ba ta, Sitaleki, shi ma neman abinci ya kai shi gonakin lemu a Ostareliya. Da zai tafi ya danƙa mata makullin motarsa mai kujerun fata.

Tun ranar Melenaite ba ta da buri sai ɗaya: yaron ya dawo ya tarar da motarsa kamar jiya ya ajiye ta. Ta ɗaga gilasai, ta lulluɓe ta da tamfol a gindin mangwaro.

Duk Asabar sai ta ɗauko man kwakwa mai ƙamshin fure, irin wanda take shafa masa yana jariri, ta mulke kujerun da allon gaban motar har su yi ƙyalli. In ta gama ta zauna a mazaunin direba ta rungumi sitiyari. Kewa ce ke cinta, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa.

Aro kuwa, ko kusa. Ranar da ƙafar mijin maƙwabciyarta Akanesi ta kumbura, Akanesi ta zo har ƙofa.

"Mele, taimaka. 'Yata ta iya tuƙi, asibiti kawai za mu kai shi."

"Ba tawa ba ce, ta yaro ce."

"Ke dai kin samu jika mai taya huɗu," in ji Akanesi, ta juya. A bayan motar ɗaukar rogo aka kai mutumin.

Damina ta kankama, ciwon gwiwa ya kwantar da Melenaite, ta daɗe ba ta leƙa motar ba. Sai ga waya, Sitaleki zai zo Kirsimeti. Ta ɗingisa ta yaye tamfol, ta buɗe ƙofa, wani wari ya buge ta. Fumfuna ta yi fari fat a kan kujeru, allon gaba ya yi danƙo, tururuwa na ta kai da kawowa. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Akanesi ce ta jiyo ta. Ta leƙa motar, ta kama haɓa.

"Man kwakwa? Mele, soya kujerun za ki yi?"

Sai ta juya. Ta koma gida ta dawo da bokiti, da sabulu marar kaifi, da tsummoki masu laushi, da man fata na gwangwani. Suka buɗe ƙofofi iska ta ratsa. Su goge da ɗan danshi, su bari ya bushe a inuwa, sannan su shafa man kaɗan-kaɗan. Kunya ta hana Melenaite ɗaga ido. Komai ya fita, ban da wani baƙin tabo a kujerar gaba, ta gefen direba.

Da Sitaleki ya iso, tun bai ajiye jaka ba, Melenaite ta ja shi wajen motar, ta nuna masa tabon, ta faɗa masa komai. Shi ko kallon tabon bai yi ba, tayoyin da ciyawa ta rufe yake kallo.

"Mama, ba ta taɓa fita ba? Da wannan gwiwar kike takawa coci?"

Ya dafa motar, ya ci gaba.

"Duk ranar da rana ta gasa ni a gona, da abu ɗaya nake lallashin kaina. Nakan ce yau Mama na zaune a gaba, an cika baya da tsofaffin unguwa, ana waƙa." Ya juyo ya dube ta. "Ashe ni kaɗai nake ta hawa da ke a zuciyata."

Darasi: Abin da aka kulle don tsananin so, a kulle yake ruɓewa. Kewar wanda ya yi nisa kada ta sa ka rufe wa na kusa ƙofa, don shi zai fara jin kukanka. Tura wannan labari ga wanda nasa ke wata ƙasa, ko zai buɗe abin da ya lulluɓe.