Sunan Wa Za a Sa wa Waken Suwaiba?

Ku matso kusa, na kawo muku wata magana ku taya. Ba zan sallama ba sai na ji ta bakin kowa.

Akwai wata mata, Suwaiba, 'yar Iya Tabawa mai sayar da daddawa. Uban ya rasu tun tana goye, kuma ita kaɗai uwar ta haifa. Ta yi boko har ta kai digiri na uku, wanda in an gama ake ce wa mutum Dakta ko bai taɓa riƙe allura ba. A kan wake take bincike, tana neman irin da ciyawar wuta-wuta ba za ta kashe ba. Shekara uku tana haɗa wannan da wancan a gonar jami'a, har ta tace iri goma sha biyu, kowanne a ambulan da lambarsa. Irin wannan karatu da damina yake tafiya, in ta wuce ka, shekara ta wuce.

Ana haramar shuka sai aka aiko mata Iya ta faɗi a kasuwa, ɓarin jikinta ya shanye. Suwaiba ta zuba ambulan ɗin a aljihun tebur ta tafi da niyyar mako biyu. Mako biyu ya zama wata biyar. Ita ke juya uwarta, ita ke ba ta kunu a cokali. Ba ta rubuta wa kowa takarda ba, don a ganinta ba a neman izini kafin a yi jinyar uwa. Jami'a kuwa tana da dokarta: ɗalibi yana iya dakatar da karatu shekara ɗaya, amma sai ya nema a rubuce kafin zango ya ƙare. Wanda ya ɓace shiru, soke sunansa ake yi.

Malama Asabe mai buga takardu ce a ofishin masu manyan digiri, tsakaninta da Suwaiba gaisuwa kawai. Ran Alhamis aka ba ta sunayen da za a soke ran Litinin, ta ga na Suwaiba a ciki. Da ta bincika ta ji dalili, sai ta ɗauki fom ta hau mota biyu da babur har ƙauyen. Ta iske Suwaiba tana shanya zannuwan Iya.

"Ke 'yar nan, Dakta za ki zama, ba ki san takarda ba?"

"Anti, ki bar shi kawai. Na haƙura."

"Ban sha ramukan hanyarku don in ji haƙurinki ba. Goge hannunki ki sa nan."

Suwaiba ta sa hannu, hawaye yana ɗiga gefen fom ɗin. Asabe ta bi ta asibiti ta karɓi shaidar likita, ta ajiye takardar a gaban kwamiti kafin su zauna. Aka dakatar da karatun shekara ɗaya, sunan ya tsira.

Sai dai wanda ya dakata ba shi da fili a gonar jami'a, aka ba wani nata. Malam Jatau, tsohon leburan gonar da ya yi damina uku yana yi mata noma, ya je kwashe kayanta ya ga ƙwaro ya fara huda waken. Ya san ba zai kai ta dawo ba. Ya ce wa mai sito, "In an tambaya, ni na ɗauka." Da ruwa ya sauka ya haƙura da masarar da yake yi a bayan gidansa, ya ja kunya goma sha biyu. Ga shi bai iya karanta lamba ba. Sai ya bi matan gidan yana yagar bakin tsofaffin zannuwa, kowace kunya da launin tsummanta, ya raba tsumman biyu, ɗaya a kan sanda, ɗaya a cikin ambulan. Da kaka ya zuba kowane iri a kwalba da toka. Ranar da Suwaiba ta dawo, ta riga ta fid da rai da irin, ya jera mata kwalabe goma sha biyu a ƙarƙashin darbejiya. Ta zauna a ƙasa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

Saura kuma lokaci. Shekara ɗaya ta rage mata a doka, aikin kuwa damina biyu yake so. Farfesa Ɗanladi, mai duba aikinta, a lokacin ya samu gurbin shekara guda a ƙasar waje, abin da ya daɗe yana nema. In ya tafi, sabon malami za a ba ta, a koma farko. Ya rubuta ya ce ya fasa, aka ba wani gurbin. Ya shiga kwamiti ya roƙa mata ƙarin shekara, ya rage faɗin binciken daga ƙasar garuruwa uku zuwa biyu. Wani a cikinsu ya ce ba a yarda da irin da ya kwana a bayan gidan lebura ba. Farfesa ya ce, "In an samu sun gauraya, ku cire sunana tare da nata." Aka gwada, ko ɗaya bai gauraya ba.

Bayan damina biyu, wuta-wuta ta cinye kunya goma sha ɗaya, mai jan tsumma ta tsaya kore shar. Suwaiba ta zama Dakta. Da za a fitar wa manoma irin, aka ce ta ba shi suna, kuma gurbin suna ɗaya ne a takardar.

Ta dafa 'yan ƙwayoyi ta kai wa uwarta, wadda yanzu take takawa da sanda. Ta ce, "Iya, Tabawa zan sa masa."

Iya ta tauna a hankali da gefen bakin da ke aiki, ta ce, "Ni me na yi ban da kwanciya? Kin ba ni shekara guda cur, ba zan ƙara karɓar komai a hannunki ba. Ki kai wa masu shi." Ta miƙo kwanon, "Ƙaro min dai, ya yi gardi."

Suwaiba ta koma ta zauna da alƙalami a hannu. Ba don Asabe ba, da babu ɗalibar. Ba don Jatau ba, da ta dawo ta iske gari a ambulan. Farfesa kuwa, da ya hau jirginsa, da lokaci ya ƙare wake yana fure.

To, ga shi na zube muku. Asabe, Jatau ko Ɗanladi, sunan wa ya cancanci manoma su riƙa kira duk ranar shuka?