Doguwar Katanga da Lambar Kamfani

Akwai wani maigida wanda ba ya wasa da tsaron gidansa. Ya gina doguwar katanga, ya jera fasassun kwalabe a kanta, ya sa ƙofar ƙarfe, ya kuma ajiye karen da ko fasto ba ya raga wa.

'Yarsa Briskila tana aure a wani gari mai nisa, ga ta da tsohon ciki. Don ya ga jikansa na fari ta kiran bidiyo, sai ya sayo na'urar waifai, wadda ke raba intanet a cikin gida. Mai shagon ya ce, "Baba, lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ɗaya zuwa takwas ce, kowa ya san ta. Ka canza ta."

Maigida ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin katangata?"

Ba a jima ba samarin unguwa suka fara taruwa a gindin katangar, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Daɗi ya kashe maigida. Ya ce wa matarsa, "Kin gani? Sai yanzu unguwar nan ta san darajata." Har benci ya fitar musu, da randar ruwan sanyi.

Ranar da Briskila ta haihu, maigida ya sa babbar riga ya zauna zai kira. Waya ta nemi lambar sirri. Ya danna ɗaya zuwa takwas, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ashe wani cikin 'yan benci ya shiga na'urar ya canza lambar. Matar maigida tana tsaye da hawaye, tana so ta ga jariri.

Sai ya fita ya ce, "'Ya'yana, don Allah wa ya san lambar sirrin waifai ɗin gidana?"

Ɗayansu ya ɗago kai ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ba kowa muke ba wa ba. In mutane suka yi yawa, nauyi take yi."

Kare kuwa yana kwance a bakin ƙofa, bai ga ɓarawo ko ɗaya ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Katangar ita ce ibadarmu da mutane suke gani. Na'urar ita ce zuciya. Lambar kamfani kuwa tsohon halin da aka haife mu da shi ne, Shaiɗan ya haddace shi tun a gonar Adnin. Ba ya tsallake katanga. Zama yake yi a bencin da ka fitar masa, har ya mai da kai baƙo. Ka bar Yesu ya sabunta zuciyarka yau, kada ranar da ka fi bukatarta ka tsaya a waje kana roƙon izinin shiga.